Firgita da Fargaba: Makarɓan Adiranalin da Kalmomin Tsoro na Hausa, da Misali daga Ƙasar Birnin Gwari

1. Gabatarwa

Hausawa na cewa tsoro na daji, kunya ta gida. Maganar ta ɗauka tsoro yana da wurinsa da lokacinsa, watau mutum ya shiga daji ya ji tsoro, in ya fito ya baro shi can. A ƙasar Birnin Gwari, yammacin Jihar Kaduna, an yi shekara fiye da goma tsoro bai tsaya a daji ba. Ya bi mutane gona, ya bi su hanya da makaranta, har ɗakin kwana. Wannan takarda bayani ce a kan abin da ke aukuwa cikin ƙwaƙwalwa sa'ad da tsoro ya ƙi komawa wurinsa.

Abin da a ke so a nuna guda ne. Hausa ta raba firgita, wadda ke zuwa farat ɗaya ta wuce, da fargaba, wadda a ke zama cikinta. Ƙwaƙwalwa ma ta raba su, ko da ya ke sinadari ɗaya ne ke ɗauke da saƙon duka biyu, watau noradiranalin. Bambancin yana ga yawansa, da daɗewarsa, da irin makarɓin da ya karɓe shi. Wanda ya gane wannan zai gane dalilin da ya sa buɗe hanya da kasuwa ba ya mayar wa mutane barcinsu a dare ɗaya, da dalilin da ya sa yaro mai ƙwazo ya kan zauna a aji kamar ba ya nan.

2. Ƙasar da dajinta

Birnin Gwari masarauta ce, kuma ƙaramar hukuma, faɗinta ya haura murabba'in kilomita 6,000, ta yi iyaka da jihohin Neja da Zamfara da Katsina. Garin yana kamar kilomita 120 daga Kaduna, bisa tsohuwar hanyar da ta bi ta Tegina zuwa Ikko. Ƙasar noma ce, musamman masara. Dajin Kamuku da ke cikinta an keɓe shi tun 1936, aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999; faɗinsa kamar murabba'in kilomita 1,120 ne, ya kuma haɗu da dajin Kuyambana na Zamfara.

Cikin wannan daji satar shanu ta girma ta zama fashi, fashi ya zama sace mutane don kuɗin fansa. A watan Mayu na 2018 aka kashe mutum fiye da 40 a ƙauyen Gwaska rana ɗaya. A 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, aka kuma katse layin waya kusan wata biyu. A watan Maris na 2024 aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga, ƙasar Chikun, bisa hanyar Birnin Gwari, aka sako 137 bayan mako biyu da 'yan kwanaki. Manoma da yawa sai da suka biya 'yan bindiga kuɗi kafin su shuka ko su girbe. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je garin aka yi sulhu, aka sake buɗe kara bayan shekaru tana rufe.

Abin lura a nan shi ne irin haɗarin. Ba a san ranarsa ba, ba a san wurinsa ba, mutum kuwa ba shi da ikon kauce masa, gama tilas ya je gona, tilas ya hau hanya. Irin wannan haɗari shi ya fi kowane gajiyar da ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa a wuraren da a ke rikici, kamar mutum ɗaya cikin biyar yana fama da wata cutar hankali, babba ko ƙarama, ciki har da ta fargaba.

3. Abin da harshe ya riga ya lura da shi

A duba waɗannan jimloli, waɗanda kowane Bahaushe ya sani:

(1) Gabansa ya faɗi.
(2) Zuciyarsa tana dukan uku-uku.
(3) Tsikar jikinsa ta tashi.
(4) Hantar cikinsa ta kaɗa.
(5) Cikinsa ya ɗuri ruwa.
(6) Yawun bakinsa ya ƙafe.
(7) Jikinsa ya ɗauki ɓari.
(8) Gumi ya keto masa.
(9) Hankalinsa ya tashi.

Cikin tara ɗin nan babu inda mutumin ya zama aikau. Gaɓa ce ke aikatawa, ko wani abu na jiki, shi kuwa mai jikin ya koma ɗan wakilin suna a maƙale a ƙarshen kalma. Haka nan a ke cewa tsoro ya kama shi. Nahawun ya bi abin da jiki ke yi, domin duk waɗannan ayyuka suna hannun jijiyoyin da ba sa jiran izinin mutum.

Sa'an nan kalmomin tsoro ba su zama ɗaya ba wajen lokaci. Firgita aikatau ce, ta fi zuwa cikin shuɗaɗɗen lokaci: ya firgita, ya razana. Amsa-kamarta ma gajeruwa ce mai kaifi: ya farka firgigit, gabansa ya faɗi ras. Fargaba da zullumi kuwa sunaye ne. Ba a cewa ya fargaba. Sai dai yana fargaba, ko yana cikin fargaba, kamar dai ɗaki ne a ke zaune ciki. Firgita tana da abin da ya jawo ta a gaban ido. Zullumi na abin da bai zo ba ne: yana zullumin tafiya Kaduna gobe. Ninki ma ya nuna haka, gama gaban mutum ya kan yi ɗar sau ɗaya, amma zaman ɗar-ɗar na kwana da kwanaki ne.

Ita kalmar fargaba harɗaɗɗiya ce, daga far, gajeruwar siffar faɗi, da gaba. Asalinta ke nan faɗuwar gaba ta jimla ta (1), abin da ba ya wuce ƙiftawar ido, amma ga shi ta zama sunan halin da a ke daɗewa ciki. Yadda faɗuwar gaba ta ɗan lokaci ke zama fargaba ta shekaru, shi ne ainihin abin da sauran takardar za ta bi.

4. Saƙo da makarɓinsa

Bisa kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu. A 1895 Oliver da Schäfer suka nuna a Landan cewa ruwan wannan ƙullutu yana ɗaga bugun jini ƙwarai. A 1901 Takamine, mutumin Japan, ya tace sinadarin ya kira shi adiranalin. Walter Cannon na Jami'ar Harvard ya bayyana a 1915 cewa shi ke shirya dabba ta yi faɗa ko ta gudu. A 1946 von Euler na Suwidin ya gano cewa jijiyoyin gaggawa da kansu ɗan'uwan adiranalin su ke fitarwa, watau noradiranalin.

Amma wani abu ya ɗaure wa masana kai. Adiranalin ɗin nan guda ya kan matse waɗansu hanyoyin jini, ya saki waɗansu. A 1948 Raymond Ahlquist, a Jojiya ta Amurka, ya gwada sinadarai shida masu kama da juna bisa gaɓoɓi dabam-dabam, ya ga gaɓoɓin sun rabu gida biyu wajen amsawa. Sai ya ce bambancin yana ga mai karɓar saƙon, ya kira iri ɗaya alfa, ɗayan beta. A 1967 aka raba beta biyu, cikin shekarun 1970 aka raba alfa biyu. Yau an san iri tara, uku-uku cikin gida uku: alfa-1, alfa-2 da beta. Lefkowitz da Kobilka sun sami kyautar Nobel a 2012 saboda bayyana ƙirar irin waɗannan abubuwa.

Kalmar da wannan takarda ta zaɓa musu ita ce makarɓi, jam'i makarɓai, bisa ƙirar sunayen kayan aiki irin mabuɗi da mabuɗai. Makarɓi wani ƙanƙanen abu ne da ke dashe cikin fatar ƙwayar halitta, ya ratsa ta sau bakwai kamar ɗinki. Kansa na waje ya karɓi sinadarin kamar yadda kwaɗo ke karɓar mabuɗinsa, kansa na ciki ya tashi ɗan aike na biyu ya shiga da labari. Beta ya kan ƙara yawan wannan ɗan aike, alfa-2 ya rage shi, alfa-1 kuwa ya saki sinadarin kalsiyam cikin ƙwayar. Saboda haka saƙo guda ya kan zama umurni uku.

Da wannan a ke iya komawa ga jimlolin da suka gabata. Dukan uku-uku na (2) aikin beta-1 ne a zuciya. Tashin tsika na (3) aikin alfa-1 ne bisa 'yan tsokokin da ke gindin gashi. Shi ne kuma ke buɗe ƙwayar ido, ya matse hanyoyin jinin fata da na ciki domin jini ya tafi ga tsokar gudu. Ɓarin jiki na (7) aikin beta-2 ne a tsoka. Hanta ma tana da makarɓai, ta kan zuba sukari cikin jini in saƙon ya iso, ko da ya ke mutum ba ya jin wannan, don haka (4) dace ne kawai. Gumi na (8) ya fita daga wannan lissafi, gama wani sinadari ne dabam, asitilkolin, ke tsatso shi. Murɗawar ciki ta (5) ma ta wata hanya ta ke zuwa. Jimla ta (9) ita ce ta ƙwaƙwalwa.

5. Shuɗin Gurbi

Adiranalin da ke yawo cikin jini ba ya shiga ƙwaƙwalwa sai kaɗan ƙwarai, domin akwai shinge tsakaninsu. Labarinsa ya kan kai can ta wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙirji da ciki. Ƙwaƙwalwa tana da nata noradiranalin, kamar yadda Marthe Vogt ta nuna a 1954, kuma a 1964 Dahlström da Fuxe suka nuna inda ya ke fitowa. Mafi yawansa daga wani ɗan wuri ne a tushen ƙwaƙwalwa, kusa da inda ta haɗu da laka, ɗaya dama ɗaya hagu. Sunansa na Latin, lokus seruliyus, ma'anarsa shuɗin gurbi, saboda launinsa. Ƙwayoyin jijiyar da ke cikinsa ba su wuce 50,000 ba, alhali ƙwaƙwalwa tana da kamar biliyan 86, amma rassansu sun kai kusan ko'ina.

Misalin Shuɗin Gurbi shi ne makaɗin da a ke ajiyewa bisa ganuwa. Yana da kiɗa iri biyu. Na farko kiɗan yau da kullum ne, a hankali, kamar bugu ɗaya zuwa uku cikin sakan sa'ad da mutum ke farke cikin natsuwa. Ya kan ragu in an yi barci, ya tsaya cak lokacin barcin mafarki. Na biyu bugu ne mai ƙarfi na ɗan lokaci, sa'ad da wani abu ya auku ba zato. Direban da ke tafe tsakanin Buruku da Birnin Gwari, in ya hango itace gicciye a hanya, wannan bugu ne ke tattara idonsa da kunnensa da ƙafarsa wuri guda kafin ya yi tunani. Firgita ke nan, kuma ita ke ceton rai.

In haɗari ya daɗe, amigdala, wani ɗan sashe mai girman ƙwayar gyaɗa da ke can cikin ƙwaƙwalwa daidai da kunne, wanda aikinsa gane abin tsoro ne, ta kan aika wa Shuɗin Gurbi wani sinadari mai suna CRF. Wannan ya kan ɗaga kiɗan yau da kullum ya zama mai sauri ba hutawa. Aston-Jones da Cohen sun bayyana a 2005 cewa in kiɗan kullum ya yi yawa, bugun nan na musamman ya kan dushe. Garin da a ke kaɗa masa gangar yaƙi dare da rana ba ya iya rarrabe ranar da maƙiyi ya zo da ranar da akuya ce ta motsa a kara. Mutum ya kasa tsai da hankali a kan abu guda, kowane motsi ya ja shi. A 2015 aka nuna a ɓeraye cewa ɗaga wannan kiɗa kaɗai, ba tare da wani abin tsoro ba, ya isa ya sa su laɓe-laɓe da gudun fili. Fargaba ke nan.

6. Tashin hankali da gushewarsa

Abin da Hausa ke kira hankali, watau auna magana, da danne zuciya, da riƙe abu a ka har a gama da shi, mafi yawansa aikin ƙwaƙwalwar goshi ne. A nan ne bambancin makarɓai ya fi bayyana, kuma Amy Arnsten ta Jami'ar Yale ta yi shekaru da yawa tana bincikensa.

Makarɓan uku ba su zama ɗaya ba wajen saurin amsawa. Kamar mutum uku ne ke kwance a zaure: na farko ko sallama a hankali ta tashe shi, na biyu sai an buga ƙofa, na uku sai an yi kururuwa. Alfa-2 shi ne mai saurin ji, noradiranalin kaɗan ya ishe shi. Alfa-1 sai ya yi yawa, beta kuwa sai ya fi haka.

Sa'ad da mutum ke farke cikin natsuwa, alfa-2 kaɗai ke aiki sosai a ƙwaƙwalwar goshi. Ƙwayoyin jijiya a wurin suna riƙe tunani ta hanyar miƙa wa juna saƙo ba yankewa, kamar ruwan da a ke kora wa lambu daga fangali zuwa fangali. A gefen kowace mahaɗa akwai 'yan kafofi waɗanda in sun buɗe saƙon ya zurare. Alfa-2 shi ke toshe su. In noradiranalin ya yi yawa, alfa-1 da beta suka farka, sai su buɗe kafofin, ruwan ya tsiyaye kafin ya kai ƙarshen lambu. Cikin ɗan lokaci kaɗan mutum ya rasa abin da ya ke cikin faɗa. Don haka in sinadarin ya yi kaɗan sai gyangyaɗi, in ya yi daidai hankali ya zauna, in ya wuce kima hankali ya tashi, har ya gushe.

A amigdala kuwa abin juye ya ke. Yawan noradiranalin ƙarfafa ta ya ke yi, ta hanyar alfa-1 da beta. Watau a lokaci guda saƙo ɗaya ya raunana mai aunawa, ya ƙarfafa mai tsoratarwa, mulkin jiki ya koma hannun sassan da ke aiki da sabo da sauri. A bakin daji wannan daidai ne, gama wanda ya tsaya auna magana sa'ad da ya ji ƙarar bindiga ba zai kai gida ba. Lokacin ƙafa me na ci ban ba ki ba ne. A aji ko a wurin sulhu kuwa hasara ce.

Beta yana da wani aiki a amigdala, shi ne buga wa abin da ya auku hatimi. A 1994 Cahill da McGaugh da abokan aikinsu a Kalifoniya suka nuna wa mutane hotuna iri ɗaya, waɗansu da labari marar tashin hankali, waɗansu da labarin yaron da ya yi mummunan haɗari. Bayan mako guda masu labarin haɗari suka fi tunawa. Amma waɗanda aka ba maganin toshe beta kafin su ji labarin, wannan fifiko ya ɓace musu. Shi ya sa wanda aka tare a hanya ya kan tuna kwanar da itacen da warin ƙurar bayan shekaru, ko da ya manta abin da ya ci jiya. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Beta ne ya ɗaure tsumman da macijin.

7. Sa'ad da tsoro ya daɗe

Alfa-2 yana da aiki na biyu. Akwai shi a jikin ƙwayoyin Shuɗin Gurbi da kansu, yana zaman linzami: in noradiranalin ya fita, wani sashe nasa ya dawo ya taɓa alfa-2, ƙwayar ta sassauta. Akwai wani itace a kurmin Kamaru da kudancin Nijeriya wanda a ke samun sinadarin yohimbin daga ɓawonsa, shi kuwa toshe alfa-2 ya ke yi, watau ya cire linzamin. A 1993 Southwick da abokan aikinsa suka ba da shi ga tsofaffin sojojin yaƙin Biyetnam 20 masu ciwon firgicin da ke biyo bayan bala'i. Mutum 14 suka faɗa cikin matsananciyar razana, 8 suka ga abin da ya same su a yaƙi ya dawo musu kamar yanzu ya ke aukuwa. Shekara ashirin bayan yaƙin, makaɗin nasu yana nan a kan ganuwa da gula a hannu.

Daɗewar tsoro ta kan sake ƙirar ƙwaƙwalwa, da taimakon kotisol, wani sinadarin wahala da ƙullutun ƙoda ke fitarwa. Shuɗin Gurbi ya kan ƙara ƙera noradiranalin. Rassan ƙwayoyin goshi su kan motse. A Bangalo ta Indiya, Vyas da Chattarji sun nuna a 2002 cewa ɓerayen da aka takura awa biyu kullum har kwana goma, rassan amigdalarsu ƙaruwa suka yi. A 2004 suka bar su su huta kwana 21, aka ga sashen ajiye tuni ya warke, amma amigdala tana nan da girmanta, ɓerayen kuma suna nan da ɗari-ɗarinsu. A 2009 kuma aka gwada ɗaliban likitanci a Amurka bayan wata guda na zullumin jarrabawa, aka ga aikin ƙwaƙwalwar goshinsu ya raunana. Da suka huta wata guda sai ya komo daidai.

Ɓera ba mutum ba ne, jarrabawa kuma ba daji ba ce, amma gwaje-gwajen sun nuna hanya guda: mai aunawa yana warkewa, mai tsoratarwa kuwa ya fi jinkirin sauka. Tsohon tsoro ba a goge shi. Sabon sani ne a ke ɗorawa bisansa, cewa wannan kwana yau lafiya ta ke. Ƙwaƙwalwar goshi ce ke koyon wannan, ga shi kuwa ita ce yawan noradiranalin ke raunanawa. Saboda haka manomin Kuyello ko Randagi wanda aka ce masa an yi sulhu, ya kuwa yarda, yana iya zabura in ya ji ƙarar babur da dare. Ba ƙaryata sulhun ya yi ba. Kunnensa ya ji labari, amigdalarsa ba ta ji ba tukuna, kuma ba ta koyo sai da maimaici: a je gona a dawo lafiya, a sake zuwa a dawo lafiya, damina bayan damina. Hari guda a tsakani ya kan rushe abin da aka daɗe ana ginawa.

Barci ma yana ciki. Tun da ya ke sai Shuɗin Gurbi ya yi shiru a ke samun barcin mafarki mai kyau, wanda makaɗinsa ya ƙi ajiye gula ya kan yi barci da ido ɗaya, ya farka firgigit, rashin barcin kuma ya ƙara raunana hankalinsa da safe.

8. Magani da iyakarsa

Sanin makarɓai ya haifi magunguna. James Black na Birtaniya ya fito da furofaranolol, mai toshe beta, a 1964. A 1966 aka gwada shi ga masu fargaba a Ingila, aka ga yana kwantar da bugun zuciya da sauran alamun jiki, amma bai cika taɓa zullumin da ke cikin rai ba. Yana da haɗari ga mai ciwon asma, domin beta-2 ne ke buɗe hanyoyin numfashi. Furazosin, mai toshe alfa-1, ya rage munanan mafarkai a ƙananan gwaje-gwaje tun 2003, amma a babban gwaji na tsofaffin sojoji 304 da aka buga a 2018 bai fi ƙwayar banza ba. Taramol kuwa, wanda matasa da yawa ke sha don su ji ƙarfin zuciya, yana hana jijiya janye noradiranalin bayan ta fitar da shi, kuma mai barinsa ya kan sha fargaba mai tsanani. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya kamata a sha ba da umurnin likita ba.

Abin da ya fi tabbata ga ciwon firgici shi ne jiyya ta hanyar zance da gwani, inda a ke kusantar abin tsoron sannu-sannu cikin aminci har ƙwaƙwalwar goshi ta koyi sabon darasi. Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa, Kaduna, amma mutumin Birnin Gwari ba ya isa can sai ya bi hanyar nan da ta sa masa ciwon. Wannan ya sa nauyi mai yawa ya koma kan waɗanda ke kusa, watau ma'aikatan ɗakin shan magani, da limamai, da malaman makaranta.

9. Abin da ya shafi malamai

Lissafin ka da shifta da karatun fahimta duk suna bukatar riƙe abu a ka na ɗan lokaci, wannan kuwa aikin alfa-2 ne a ƙwaƙwalwar goshi. Yaron da ya kwana a jeji yana ɓuya, ko aka taɓa sace wani nasa, ya kan zo aji da noradiranalin da ya riga ya kai bakin kima. Tsawa ko bulala ta ƙara kaɗan, sai alfa-1 ya farka, abin da ya sani ya zurare. Malamin da bai san haka ba zai kira shi daƙiƙi ko mai taurin kai, ya ƙara masa abin da ya jawo cutar.

A farkon shekarun 1970 Glass da Singer suka sa mutane aiki cikin ƙara mai damuwa, suka ba waɗansu maɓallin da za su iya tsai da ita. Masu maɓallin suka fi yin aiki da kyau daga baya, ko da ya ke yawancinsu ba su taɓa shi ba. Sanin abin da zai zo, da jin cewa akwai abin da ke hannun mutum, su ke sassauta kiɗan. Ajin da a ke fara shi a kan lokaci guda kullum, a ke sanar da yaro kafin a tambaye shi, a ke ba shi zaɓi ko da ƙarami ne, yana yi wa yaro abin da ƙwaya ba ta yi.

Ga malaman kwalejojin horon malamai, kalmomin da aka yi aiki da su a nan sun isa a koyar da wannan babi da Hausa: makarɓi da makarɓai, jijiyoyin gaggawa, Shuɗin Gurbi, ƙwaƙwalwar goshi, ɗan aike na biyu. Ya kamata kuma a tsare bambancin firgita da fargaba a rubutun ilmi, kada a yi ta musanya su kamar ɗaya ne, domin kowace tana da nata kiɗa da nata makarɓai. Ɗalibi Bahaushe ya zo da rabin darasin a bakinsa tun daga gida. Ya san hankali tashi ya ke yi farat ɗaya, ya kuma san kwanciya ya ke yi, ita kuwa kwanciya sai an sami wuri da lokaci.